Takalmin Gudu A Ƙasar Duwatsu Da Ƙaya: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Biya

 

Yau zan yi magana ne a kan takalmi, musamman wanda mutum zai iya yin gudu ko doguwar tafiya da shi a wajen kwalta. Na san wani zai ce batun ya yi ƙanƙanta ga shafin ra'ayi a irin wannan lokaci na tsadar rayuwa da rashin tsaro. Ina roƙonsa ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe. Ra'ayina shi ne, a karkara takalmi kayan aiki ne kamar fartanya da lauje, kuma abubuwa biyu ne suke yanke hukunci a kan nagartarsa: ƙafar da za ta shiga cikinsa, da ƙasar da za a taka da shi. Sunan kamfani da kyan launi suna zuwa ne a bayan waɗannan. Domin kada maganar ta tsaya a sama, zan gina ta a kan yanki guda da na zaɓa, wato ƙasar Daudawa da kewayenta a kudancin Jihar Katsina.

Daudawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, wadda take mazaɓar tarayya ɗaya da Ƙanƙara da Sabuwa. Auduga ce ta fitar da sunan garin, domin tun cikin shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka kafa gonar inganta irin auduga a can, kuma har yau yankin yana cikin rumbunan masara da dawa da waken suya na jihar. Wanda ya taɓa ratsa wannan ƙasa da ƙafa ya san ba iri ɗaya ba ce. Akwai falalen dutse da ke santsi da zarar raɓa ko ruwa ya taɓa shi. Akwai turbar tsakuwa da marmara da ke cin ƙasan takalmi kamar zarto. Akwai lakar fadama da damina, wadda take riƙe takalmi ta bar mutum da ƙafa tsirara. Idan kaka ta wuce kuma sai tushiyar dawa da kututturen auduga su tsaya a gona kamar tsinin mashi, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, ga tsidau da ƙarangiya a gefen burtali.

Su wane ne ke taka wannan ƙasa? Akwai samarin da ke fita gudun asuba suna shirin tantancewar shiga soja ko ɗan sanda, waɗanda burinsu shi ne wata rana su ga kansu a sansanin horar da kuratan soja na Zariya. Akwai manomin da gonarsa ke da tafiyar sa'a guda daga gida, da makiyayi, da matan da ke zuwa itace da ɗibar ruwa, da ɗaliban da ke zuwa makaranta daga ƙauyukan nesa. Akwai kuma jami'an rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, waɗanda aikinsu sintiri ne a daji. Mafi yawan waɗannan mutane ba su taɓa kiran kansu 'yan wasa ba, amma nisan da wasunsu ke ci a mako ya fi na mai motsa jiki a birni.

Akwai kuma gudun da ba wanda ya zaɓa. Al'ummar waɗannan ƙananan hukumomi uku sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga, kuma iyalai da dama sun san abin da ake nufi da barin gida cikin dare a faɗa daji. Ba za a manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara aka kora su daji da ƙafa. An sako 344 a ranar 17 ga watan, kuma hotunan isarsu Katsina washegari sun nuna da yawansu ba takalmi, ƙafafu sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Ba ina cewa takalmi zai hana irin wannan masifa ba. Hana ta aikin hukuma ne. Ina cewa ne a wurin da ƙafa kan zama abin hawa na ƙarshe, abin da ke kāre ta ya cancanci a zauna a yi tunani a kansa. Akwai ma hadisi a Sahihu Muslim, daga Jabir, da ke nuna Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da sahabbai sanya takalmi a wata tafiyar yaƙi, ya kamanta mai takalmi da wanda ke bisa abin hawa.

A wasu ƙasashe, gudu a kan turba da duwatsu wasa ne mai zaman kansa, kuma saboda shi ne kamfanoni suka ware wani nau'in takalmi daban da na gudun kwalta. Tun 2003 ake gasar zagaye tsaunin Mont Blanc, mai nisan kimanin kilomita 170, wadda ke ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. A nan gida ma an fara gasar hawan tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005, kuma matasan Jihar Filato, da suka tashi a kan duwatsu, sun daɗe suna yin fice a gudun dogon zango a Najeriya. Daga tarihin irin waɗannan wasanni zan ciro labarai uku, domin kowannensu yana ɗauke da darasin da zai yi wa mutumin Daudawa amfani a kasuwa.

Na farko labarin Abebe Bikila ne, sojan fadar Sarkin Habasha Haile Selassie. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ya yi gudun famfalaki na kilomita 42 ba takalmi, ya zo na ɗaya cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Masu tarihin wasanni sun ruwaito cewa takalmin da ya samu ne bai zauna masa ba, yana yi masa bororo, shi ya sa ya ajiye shi. Bayan shekara huɗu, a Tokiyo, ya sake lashe gasar da takalmi a ƙafarsa, kuma ya rage kusan minti uku daga wancan lokaci. Darasin shi ne takalmin da bai dace da ƙafa ba yana iya fin rashin takalmi cutarwa, wanda ya dace kuwa ƙarin ƙarfi ne. Sai dai kada wani saurayi ya ce zai kwaikwayi Bikila a bayan Faskari, domin titunan Rum ba su da tsidau.

Na biyu labarin wani mai hawan tsauni ne ɗan Italiya, Vitale Bramani. A 1935 abokan tafiyarsa shida suka rasu a tsaunukan Alps, aka danganta abin da rashin takalmin da ya dace. Wannan ya sa ya duƙufa, da taimakon kamfanin taya na Pirelli, har ya fito da ƙasan takalmi na roba mai haƙora a 1937. Daga sunansa aka samo sunan Vibram, wanda har yau ake gani a ƙasan takalman hawan dutse. Darasin wannan shi ne a kan dutse da laka, ƙasan takalmi ne ke riƙe da ran mutum, kuma shi ne ɓangaren da mai saye bai cika juyawa ya duba ba.

Na uku ya fi kusa da mu. A 2017 wata budurwa mai shekara 22, María Lorena Ramírez, 'yar ƙabilar Raramuri ta ƙasar Meziko, ta lashe gasar gudun duwatsu ta kilomita 50 a Jihar Puebla sanye da siket da takalmin da aka yanka daga robar tsohuwar taya. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san takalmin taya, ya san yadda makiyaya da mafarauta da masu sassabe suka daɗe suna dogara da shi. Muna raina shi saboda arha da rashin ado, alhali ƙaya ba ta cika huda shi ba, tsakuwa kuma tana daɗewa ba ta cinye shi ba. Rauninsa shi ne yatsu da saman ƙafa a buɗe suke, kuma ƙafar da ba ta saba da shi ba za ta sha wuya kafin ta yi kanta. Darasin dai shi ne tsada ba ita ce ma'aunin inganci ba.

To, yanzu mu shiga kasuwa, mu fara da ƙafa. Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26, kuma tana buɗewa tana kumbura idan an yini a tsaye ko an yi tafiya mai nisa. Saboda haka lokacin gwada takalmi shi ne bayan la'asar, da irin safar da za a riƙa sawa. Kafin fita daga gida, mutum ya taka farar takarda yana tsaye, wani ya zagaye masa ƙafafun biyu da biro, a auna tsawo daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, a auna faɗi a inda ƙafar ta fi buɗewa. Sau da yawa ƙafa ɗaya ta ɗara 'yar uwarta, kuma da babbar ake ciniki. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa da hancin takalmi. Wanda bai bar wannan sarari ba zai gane kurensa a gangare, lokacin da yatsu ke dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya fita.

Lambar da ke jikin takalmi tana yaudara. Lamba 42 ta Turai ta yi daidai da kusan 8 ta Ingila, ko 8 da rabi zuwa 9 ta Amurka, kuma tsakanin lambar Turai ɗaya da mai bi mata kashi biyu bisa uku ne kawai na santimita. Kamfanoni ma ba su daidaita a tsakaninsu ba. Abin da ya fi aminci shi ne tsawon da ake rubutawa da santimita a 'yar takardar da ke ƙarƙashin harshen takalmin. Sannan akwai batun faɗi, wanda ya fi shafarmu. Mutumin da ya tashi yana yawo ba takalmi ko da silifa, gaban ƙafarsa ya fi faɗi kuma yatsunsa sun fi warwatsuwa a kan wanda ya tashi cikin sau-ciki tun yarinta, alhali yawancin takalman da ake shigo mana da su an ƙera su ne a kan ƙafa siririya. Akwai gwaji mai sauƙi: a zaro shimfiɗar cikin takalmin a ajiye a ƙasa a taka. Idan gefen ƙafa ya zubo waje, takalmin ya yi ƙunci, ko da tsawonsa ya yi daidai. Kada a saurari mai kaya idan ya ce zai buɗe da kansa. Fata tana ɗan buɗewa, amma roba da zaren leda ba su san wannan alkawari ba.

Dunduniya kuma ta zauna daram. Idan tana ɗagawa tana sauka a kowane taku, bororo na tafe, kuma a kan dutse targaɗe na biye da shi. Yawancin takalman gudu suna da ƙarin rami guda a can sama kusa da idon sawu wanda mutane ke bari banza. An yi shi ne domin a zarga igiya a ɗaure dunduniya. A nan zan ja hankalin iyaye game da al'adar saya wa yaro takalmin da ya fi shi da lamba biyu ko uku wai zai girma a ciki. Yaron da ke jan takalmi a turbar tsakuwa zai cinye shi kafin ƙafarsa ta cika shi, ga tuntuɓe a kan hanya. Ƙarin lamba ɗaya ya wadatar.

Bayan ƙafa sai ƙasa. A kifa takalmin a dubi haƙoransa. Ga busasshiyar turba da falalen dutse, haƙora masu zurfin milimita 3 zuwa 4 sun isa. Ga lakar damina ana son masu zurfin milimita 5 zuwa 6, waɗanda ke nesa da juna domin laka ta riƙa zubewa, in ba haka ba sai ta cike tsakaninsu takalmin ya koma sumul kamar sabulu. Roba mai taushi ta fi kama dutse amma ta fi saurin cinyewa, mai tauri ta fi daɗewa amma tana zamewa a jiƙaƙƙen dutse. Tunda rani ya fi damina tsawo a wannan yanki, wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne ya nemi matsakaici. Abin da za a guje wa shi ne takalmin da ƙasansa soso ne zalla ba a lulluɓe shi da roba ba. Irinsa yana da daɗin takawa a shago, amma ƙaya tana ratsa shi kai tsaye, marmara kuma tana goge shi cikin makonni. Wasu takalman dutse suna da wani siririn faifai mai tauri a tsakiya domin tare tsinin dutse da tushiya; za a gane shi idan aka danna ƙasan da yatsa aka ji bai lotsa ba.

Saman takalmin ma abin dubawa ne. Raga mai manyan ƙofofi tana shan iska, amma tana shan ƙurar hunturu da yashi, ƙarangiya kuma tana maƙale mata. Saƙa mai ƙanƙanin ido ta fi dacewa, tare da hanci mai tauri da zai kāre yatsu daga tuntuɓe. Takalmin da ake tallatawa da cewa ruwa ba ya shiga, an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. A zafin Maris da Afrilu yana dafa ƙafa, idan kuma ruwa ya shiga ta sama a lokacin ƙetare rafi, fita tana yi masa wuya. Wanda ke jiƙa ya bushe da wuri ya fi mana amfani.

Gaskiyar aljihunmu ita ce mafi yawan masu saye ba sabo za su nema ba, gwanjo za su je, ko a Funtua ko a Ƙofar Wambai ta Kano ko wajen masu baza kaya a ranar kasuwar Sheme da Dandume. Gwanjo ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa takalmi na asali da aka ɗan taka ya fi sabon jabu. Amma akwai abubuwan da za a gwada. A lanƙwasa shi: ya kamata ya karye a gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasa, wanda ya naɗe a tsakiya ya gama aiki. A murɗa shi kamar ana matse tsumma: idan ya murɗe ba gardama, ba zai riƙe ƙafa a kan dutse ba. A matsa bayan dunduniya a ji ko da sauran tauri. A ajiye shi a kan tebur a duba ta baya: idan ya karkata gefe, ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, kuma zai tilasta wa gwiwar sabon mai shi ta bi wannan karkata. A dubi soson tsakiya, idan ya yi tamoji da yawa ya mutu.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Wasu takalman, musamman manya na hawan dutse da na ma'aikata, ana yin tsakiyarsu da wani sinadari mai suna foliyuritan, wanda danshin iska ke ci a hankali ko da takalmin yana ajiye ba a taɓa sawa ba. Shi ya sa za ka ga takalmi fes kamar daga kwali, a sa shi kwana biyu sai ƙasan ya ruguje kamar busasshen burodi. Wannan shi ne kyan ɗan maciji. A soka farce a gefen ƙasan. Idan yana marmashewa ko yana danƙo, a ajiye shi komai arharsa. Yawancin kamfanoni suna buga watan da shekarar da aka ƙera takalmi a wannan takarda ta ƙarƙashin harshe, kuma duba ta ba ya cin minti ɗaya.

Ko takalmi mai kyau yana da wa'adi. Masana harkar gudu sukan ƙiyasta cewa soson takalmin gudu yana aiki ne tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Saurayin da ke gudun kilomita 5 sau biyar a mako yana cin kilomita 25, ke nan cikin wata biyar zuwa bakwai takalminsa ya kai iyaka, ko da samansa bai yage ba. Alamar ita ce ciwon gwiwa ko ƙwauri da ba a saba ji ba. Wannan lissafi ne ya kamata ya jagoranci ciniki. A ce, alal misali, wani ya sayi na Naira 6,000 da ke mutuwa duk wata biyu, wani kuma ya sayi na Naira 18,000 da ya kai shi shekara. Na farko ya kashe 36,000 a shekarar, ninki biyu na abin da na biyu ya kashe, ban da kuɗin magani. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan fage ko aiki ba ta cika yi ba.

Kula da takalmi tana ƙara masa kwana. Dabarar da mutanenmu suka daɗe da ita ta kai sabon takalmi wajen mai gyara ya zagaye shi da ɗinki tun kafin gam ya saki, dabara ce mai kyau, domin zafin ƙasarmu yana narkar da gam. Idan ya jiƙe, a zare shimfiɗar ciki, a cusa masa tsohuwar jarida, a shanya a inuwa. Ɗora shi a kan kwano da tsakar rana ko kusa da murhu yana ƙanƙance soso ya ɓamɓare ƙasan. Sannan ga wata ɗabi'a tamu: saboda yawan cirewa domin alwala da shiga masallaci, mukan take bayan takalmi mu mai da shi silifa. Da zarar bayan ya karye, riƙon dunduniya ya tafi ke nan. Gara a ajiye silifa daban domin wannan. Safar auduga zalla tana riƙe gumi ta jawo bororo, wadda aka gauraya da zaren roba ta fi saurin bushewa. A riƙa kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa saboda kunama. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ke da tantancewa a gabansa ya fara sa sabon takalminsa makonni biyu ko uku kafin ranar.

Wajibi ne in faɗi inda takalmin gudu ba ya wadatarwa. A lokacin sassabe da girbi, haɗarin da ya fi girma shi ne maciji, musamman kububuwa, wadda ke cikin macizan da suka fi kashe manoma a Arewacin Najeriya, kuma mafi yawan sara a ƙafa da idon sawu yake sauka. Matsalar ta kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, kuma asibitin da ya shahara da maganinsa a Arewa yana can Kaltungo a Jihar Gombe, tafiya mai nisa daga Faskari. Mai shiga ciyawa ko ɗaga dami yana buƙatar dogon takalmin roba da ya haura ƙwauri, komai zafinsa. Haka nan masu ciwon sukari, waɗanda jin ƙafarsu kan ragu, bai kamata su yi tafiya ba takalmi ko da matsattse ba, domin ƙaramin rauni da ba su ji ba yana iya kai su ga rasa ƙafa.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ta fi damuna: me ya sa takalmin da ya dace da ƙafarmu da ƙasarmu sai mun tono shi daga cikin dilar gwanjo? Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da takalman dukawan birnin suna cikin hajar da ake fitarwa har Arewacin Afirka. Har yau akwai majema da dukawa a Kano, akwai masu ɗinkin takalmi a kusan kowace kasuwa, akwai dubban masu sana'ar a Ariaria ta Aba. A Samaru ta Zariya, wadda ba ta da nisa da Funtua, akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken fata da kimiyyarta, wato NILEST. Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa waɗannan hannaye a kan buƙata guda: takalmi mai faɗin gaba, mai ƙasan roba mai haƙora da aka ɗinke da zare, mai saman fata ko kakkauran yadi, wanda idan ƙasan ya cinye mai gyara na Daudawa zai iya sauya shi. Yawancin masu sana'ar sun karkata ga takalmin biki da na Juma'a ne saboda a can suke ganin kasuwa.

Hukuma tana iya buɗe wannan kasuwa. Duk lokacin da gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ko wani ɗan majalisa zai saya wa jami'an sintiri ko ɗaliban kwana takalma, ina ba da shawarar a fara da auna ƙafafun waɗanda za su sa, a rubuta tsawo da faɗi, sannan a ba masu sana'a na gida kwangilar bisa sharaɗin inganci, a gwada samfuri na wata guda a daji kafin a biya. Jami'in da takalmi ya yi wa bororo ba zai iya bin sawu ba, komai kyan makamin da ke hannunsa. Masu rabon tallafin noma su ma su tuna da dogon takalmin roba a gefen taki da iri. Malaman motsa jiki a makarantu kuma za su iya koya wa yara auna ƙafa a darasi guda, ilimin da zai bi su har tsufa.

Ga mai karatu da ke shirin zuwa kasuwa a wannan mako, taƙaitawar ita ce: ka je da yamma, ka je da safarka da awon ƙafarka, ka kifa takalmin ka dubi ƙasansa kafin ka dubi tambarinsa, ka sa ƙafa biyu ka taka ka ɗan yi sassarfa a gaban mai kaya. Idan ya hana ka gwadawa, ka wuce gaba.

Ina fatan ganin ranar da zaman lafiya zai dawo wannan yanki har a shirya gasar gudun duwatsu tsakanin samarin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a tashi daga Daudawa bayan an gama tsinkar auduga, mutanen Filato su zo su gwada ƙafa da namu. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya.